Ta hannun wa sadakarka za ta bi: tauraro, gidauniya, ko zauren unguwa?

Ana saura kwana tara azumi na ware naira dubu 50 da niyyar sadaka. Wanda ya shiga kasuwa da ita a wannan zamani ya san ba ta daɗewa a hannu, amma abin da Allah ya hore ke nan. A daren da na cire ta, kafin barci ya ɗauke ni, roƙo uku suka iske ni a waya. Na farko a Instagram: wata 'yar fim ta ɗora bidiyon wani yaro kwance a gadon asibiti, ciki ya kumbura, ta rubuta lambar asusu a ƙasa. Na biyu a Facebook: wata gidauniya ta buɗe asusun ciyar da marayu da ɗinka musu kayan sallah. Na uku a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare: matar ɗaya daga cikinmu ta sha wuyar haihuwa har an yi mata aiki, asibiti sun ce ba sallama sai an cika ragowar kuɗi.

Duka ukun sun taɓa min zuciya. Na shekara da shekaru ina bi ta kowacce daga cikin hanyoyin nan. Akwai wadda ta fitar da ni kunya, akwai wadda ta bar ni da cizon yatsa, wani lokaci ma hanya ɗaya ce ta yi min duka biyun. Don haka na kwana ina auna su, kuma abin da na auno shi zan shimfiɗa wa wanda yake riƙe da ɗan abinsa yana waiwaye.

Kafin waya ta zo, in za a tara wa mutum gudunmawa, aikin a rabe yake. Akwai mai shela, kamar sankira a wurin ɗaurin aure ko ladan bayan sallar magariba. Akwai ma'aji, dattijon da ake damƙa wa kuɗin ya soke a aljihun 'yar ciki. Akwai mai shaida, mai unguwa ko maƙwabcin da zai ce, "E, na san gidan, gaskiya ne." Mutum uku, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa. Soshiyal midiya ta zo ta tattara ayyukan nan ta zuba a hannun mutum ɗaya mai waya. Kusan duk rigimar da na taɓa gani kan kuɗin taimako, in ka bi sawunta, daga nan ta taso.

A fagen shela babu mai kama ƙafar tauraro. 'Yar fim mai mabiya miliyan biyu, in ta ɗora roƙo da hantsi, kafin la'asar alat ya cika waya. Ba wai mabiyanta sun fi kowa tausayi ba ne, yawa ne kawai. In mutum ɗaya cikin kowane 500 ya tura dubu ɗaya, naira miliyan 4 ke nan, abin da zauren unguwa zai shekara bai ga rabinsa ba. Mai neman kuɗin dashen ƙoda ko aikin zuciya, wanda ko an sayar da gidan gado ba zai kai ba, ba shi da wata ƙofa da ta fi wannan faɗi. Duk wanda ya raina wannan bai taɓa zama a barandar asibiti da takardar kuɗi a hannu ba.

A watan Nuwamban 2021, gab da zagayowar ranar haihuwarsa, mawaƙi Davido ya rubuta a shafukansa, kamar da wasa, cewa abokansa su tura masa miliyan ɗaiɗai. Cikin 'yan kwanaki naira miliyan 200 ta taru. Ya ƙara miliyan 50 daga aljihunsa, ya ce duka na gidajen marayu ne. Inda ya burge ni shi ne bai zauna ya raba da hannunsa ba. Kwamiti ya kafa na mutum biyar, suka tantance, a farkon 2022 aka fitar da jerin gidajen marayu 292 da suka samu. Haka ma a Amurka a 2014, lokacin da manyan mutane suka yi ta sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗorawa a intanet, kuɗin ba su bi ta asusun ko ɗaya daga cikinsu ba. Kai-tsaye suke tafiya ga ƙungiyoyin da ke yaƙi da cutar ALS mai kashe jijiyoyi, babbar cikinsu ta samu dala miliyan 115. A duka biyun tauraro ya tsaya a matsayinsa na sankira, ya bar wa wani rabon abin da ke cikin jaka.

To amma sau nawa ake yin haka a wajenmu? Abin da aka fi gani shi ne lambar asusu mai ɗauke da sunan tauraron, ko na yaronsa, ko wani suna da ba ka san daga inda ya faɗo ba. Ba a faɗi nawa ake nema ba, ko an faɗa ba a dawowa a ce an cika, a daina turawa. In majinyacin ya rasu ana tsakiyar tarawa, sai a ɗora hotonsa da "Allah ya ji ƙansa", maganar sauran kuɗin kuwa shiru kake ji. Ban ce cinyewa ake yi ba. Da yawansu mutanen kirki ne, wasu har nasu suke ƙarawa. Amma mutumin da yake wurin ɗaukar fim tun safe har dare, ga saƙo dubu a waya, yaushe zai zauna ya haɗa lissafin wanda ya turo dubu biyu daga Gusau da wanda ya turo dubu goma daga Kumasi? In kuma ka kuskura ka tambaya a ƙarƙashin rubutun, mabiya ne za su taso maka. "Kai nawa ka bayar?" "Hassada ce ke cin ka." Na taɓa shan wannan. Kwana biyu wayata tana ƙara, har sai da na goge tambayar.

Ga kuma 'yan damfara, waɗanda sunan tauraro ya zame musu gona. Su buɗe shafi da hotonsa, su canja harafi ɗaya a sunan, su kwafi roƙon kalma da kalma, su sauya lambar asusu. Da can shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna tana raba gardama. Tun daga 2023 kuwa ana iya biyan kuɗin wata a same ta a X da Facebook da Instagram, saboda haka ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Akwai wata matsalar da ta fi damfara zurfi, don ita ko da kowa mai gaskiya ne tana nan. Manhajojin nan abin da ya tsayar da ido shi suke turawa gaba. Yaro mai kumburarren ciki yana tsayar da ido. Tsoho mai hawan jini da ke buƙatar maganin dubu goma sha biyu kowane wata har iyakar ransa ba ya tsayarwa. Mai wankin ƙoda yana tsayarwa a bidiyon farko, a na huɗu an gaji da shi, alhali ciwon bai gaji ba. Sannan yaɗuwar magana daban, biyan buƙata daban. A 2014, bayan sace 'yan matan Chibok 276, babu inda kiran a dawo da su bai kai ba, har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗaga allon kiran a fadar White House. Bayan shekara goma akwai gommai daga cikinsu da ba su dawo gida ba.

Sai maganar rufin asiri, wadda ita ce ta fi ci min rai. Muna da wata maƙwabciya, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, damina ta kayar mata da ɗaki. Wani saurayi mai shafi a TikTok ya ji labari, ya zo da shinkafa da katan ɗin taliya da ambulan. Ina tsaye a soro lokacin. Sau uku aka maimaita miƙa ambulan ɗin, don a na farko rana ta haske kyamara, a na biyu kuma ba ta ɗago kai ba. "Mama, ɗan ɗago ki kalli nan," in ji shi, "ki yi mana addu'ar da ƙarfi." Ta ɗago, ta yi, muryarta tana rawa. An tayar da ɗakin, har da sabon kwano, wannan ba na musu. Bayan sati biyu babbar 'yarta ta daina zuwa islamiyya, yara suna kwaikwayon kukan uwarta a bakin famfo. Da mai ɗakina ta leƙa ta, abin da ta ce mata shi ne, "Ke dai bari, maƙwabciya. Ɗaki ya tashi, amma ban san ranar da zan iya shiga gidan biki ba."

Masu ɗaukar bidiyon suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: in ba a gani ba, ba a bayarwa, in kuma ba a nuna an miƙa ba, a ce an cinye. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ma ta yaba bayyana sadaka, sai dai ta ce ɓoye ta a kai wa matalauta ya fi. Aya ta 264 kuma ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. A ganina akwai wuri mai faɗi tsakanin biyun. Ana iya nuna rusasshen ɗaki ba tare da fuskar mai ɗakin ba. Ana iya nuna rasit. Wanda duk bidiyonsa sai an ga hawaye, ni kam na fara zargin hawayen yake nema.

In kuwa roƙon ta hanyar kyaututtukan TikTok ne a shirin kai-tsaye, gara ka riƙe kuɗinka. A 2022 BBC ta bi sawun iyalai a sansanonin gudun hijira na Siriya da ke zama sa'o'i suna roƙo ta wannan hanya, ta gano kamfanin na iya riƙe har kashi 70 cikin 100. Kamfanin ya ce kasonsa bai kai haka ba. Ko ma nawa ne, turawa ta banki ba ta cin komai kusa da wannan.

Gidauniya kuwa, ƙarfinta yana wajen ajiya da juriya. Mai rajista ta gaskiya tana da amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta san da su, tana da asusun banki da sunanta, kuma kowa yana iya shiga shafin hukumar ya rubuta sunan ya ga ko akwai ta. Minti biyu ne. Haka nan in ka saka lambar asusu a manhajar bankinka, suna yana fitowa kafin ka tura. In roƙon na gidauniya ne amma sunan mutum ya fito, tsaya tukuna. Tana da ofis da za ka je ka buga ƙofa, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter (X a yanzu) daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda duk rayuwarsa a shafi take ya shiga duhu, mai ofis kuwa yana nan inda aka san shi.

Akwai ayyukan da ba wanda zai iya sai irinta. Cutar zaizayar baki da ake kira noma, mai cin fuskar yara masu tamowa, ba aikin bidiyo ɗaya ba ne. Yaro yana iya buƙatar tiyata fiye da ɗaya, da abinci, da koya masa cin abinci da magana. Asibitin da ke Sakkwato don wannan cuta, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar a jerin waɗanda aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Kusan shekara goma ana abu ɗaya ba tafi. Wane shafi ne zai jure wannan? Haka na lura da ambaliyar Maiduguri, bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, da ruwa ya shiga har Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. A makon farko kowa a shafukan da nake bi Maiduguri yake magana, kuma gudunmawar ta yi rana. Zuwa wata na uku an koma wata hirar. Waɗanda suka rage suna fama da rijiyoyin da suka gurɓace da masu kwana a makarantu, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne masu riguna da tambari.

Mutanenmu suna jin haushin gidauniya kan abu ɗaya: kuɗin gudanarwa. "Na ba maraya, an sayi man mota." Ni wannan bai dame ni ba in an faɗe shi. Shinkafa ba ta kai kanta ƙauye, mai rubuta lissafi kuma yana da iyali. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai rantsuwa cewa ko kwabo ba a taɓawa. Ko dai akwai mai biyan wannan daga gefe, sai a faɗi ko wane ne, ko kuma akwai abin da ba a faɗa ba.

Ainihin aibinta biyu ne. Na farko nauyin jiki. Cike fom, jiran shugaba ya dawo daga tafiya, zaman kwamiti. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ba ta san da wannan ba. Na biyu, takardar rajista shaidar an yi rajista ce kawai, ba ta shaidar amana. Duk mai kuɗin lauya yana iya samu. Ka lura da yadda gidauniyoyi ke tsirowa kamar ciyawar farkon damina in zaɓe ya matso, kowane buhu da hoton mai gida, har fuskarsa ta fi buhun girma. Ni yanzu in zan auna gidauniya, shafinta nake bi baya in ƙirga: hoton shugaba nawa, lissafi nawa? Sun yi wani abu a watan da ba azumi ba? Wanda suka taimaka bara, sun sake waiwayarsa?

Fitar da lissafi a fili kuma ba abu ne mai wuya ba, an yi an gani. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda a Oktoban 2020, ƙungiyar matan nan ta Feminist Coalition kusan kullum sai ta wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita, na lauya, na asibiti, na abinci, har jimillar ta kusa naira miliyan 148. Ko ka yarda da tafiyarsu ko ba ka yarda ba, sun nuna wayar da ke roƙo tana iya ba da bahasi. A gida ma, Izala takan sanar da abin da kowace jiha ta tara daga fatun layya duk shekara. Gidauniyar da ta ce ba ta da lokacin rubuta layi biyar na shiga da fita, amma tana da lokacin yi wa bidiyo kiɗa, ta riga ta amsa maka tambayarka.

Saura zauren unguwa, ko na dangi, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan masallaci. Nan ne mai shaida yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, maƙwabci kuma shi ne na biyu a sani. Ba sai an nuna mana bidiyon matar abokinmu ba. Mun san shi tun yana ɗan aji ɗaya da gajeren wando, mun san albashinsa ba ya kai ashirin ga wata, mun san kafin ya buɗe baki ya faɗa sai da abin ya kai masa iya wuya. Mutum biyu suka hau babur suka je asibitin, suka dawo da hoton takardar kuɗin. Ba kaso, ba fom, ba hawaye a gaban duniya. Ga wanda rufin asirin mabuƙaci ya dame shi, babu hanyar da ta kai wannan.

Sai dai rijiyar ba ta da zurfi. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum sama da dubu, amma masu bayarwa a kowane zaure da na sani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma su ne dai kullum. Yau haihuwa, gobe gobara, jibi kuɗin makaranta, sai ka ga an fara karantawa ana yin shiru. Kuma hanya ce ta mai mutane. Talakan da abokansa duk talakawa ne, ko baƙon da ya gudo daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, wane zaure ne zai sa sunansa? In kowa ya tsaya kan wanda ya sani, waɗanda suka fi kowa buƙata su ne za su tashi a tutar babu. Wannan ya sa ban yarda da masu cewa a bar komai a koma unguwa ba.

Ga kunya, wadda take hana tambaya fiye da zagin mabiya. Kuɗi suna shiga asusun shugaban zaure, su cakuɗe da na cefanensa da na kasuwarsa. Ba da niyyar ci ba, amma ranar da za a fitar sai ka ji "bari in haɗa zuwa Juma'a". Wa zai ce wa abokin ƙuruciya ya kawo takardar banki? Akwai kuma jerin nan da ake yi, lamba ɗaya wane dubu 20, lamba biyu wane dubu 10. Yana zaburar da masu hali, amma mai ɗari biyar sai ya ji nauyin a rubuta sunansa a ƙasan wannan, ya fasa. A zaurenmu sai da muka sha gardama kafin aka yarda duk mai so a rubuta masa "wani bawan Allah".

Abin da nake gudu ƙwarai shi ne roƙon da ya fita daga zauren da aka haife shi. Da zarar an tura shi gaba, mai shaida ya faɗi a hanya, saura rubutu da lambar asusu. Akwai saƙon wani dattijo mai ciwon suga da muka tara wa kuɗi, Allah ya yi masa rasuwa, da ni aka kai shi. Bayan shekara biyu saƙon ya dawo min daga wani zaure, hotonsa ne, labarinsa ne, har da "cikin gaggawa", lambar asusun ce kawai ta canja. WhatsApp yana saka alama a kan saƙon da aka yi ta turawa hannu da hannu. In na ga wannan alama a kan roƙo, ba na tura ko sisi sai na sami mutum mai rai da zai ce min ya taka ya gani. Hoton ma ana iya saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens a ga ko ya taɓa yawo da wani sunan.

In abin da za ka fitar zakka ce, lissafin ya ƙara tsauri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, kuma malamanmu na Malikiyya sun fi son a raba ta a inda dukiyar take, sai in wani wuri ya fi tsananin buƙata. Ba zan jefa zakka a asusun da ban san ko rijiya za a haƙa da ita, ko kati za a buga, ko mai za a zuba ba. Ko dai hannu da hannu ga wanda na tabbatar, ko ta hukumomin zakka irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, ko gidauniyar da ta ware wa zakka asusunta daban. Wanda ya rikice ya tambayi malaminsa kafin ya danna.

A taƙaice dai yanayin buƙatar nake fara dubawa. In ta yau ce, ta asibiti, kuma akwai wanda na sani da ya san mai ita, zaure nake bi, in da hali ma in je wurin biyan kuɗi na asibitin da ƙafata in karɓi rasit da sunan majinyacin. In aiki ne mai dogon zango, marayu, tamowa, yoyon fitsari, ruwan sha, gidauniya nake nema, kuma na fi son in riƙa ba ta kaɗan-kaɗan kowane wata da in jibga mata a azumi in ɓace. Tauraro kuwa ina bin kiransa in kuɗin sun fi ƙarfin unguwa, da sharaɗi: ya faɗi asibitin, ya faɗi adadin, asusun ya zama na asibiti ko na iyalin ko na wata ƙungiya sananniya, ya kuma kasance na taɓa ganin ya dawo ya ce "an cika, a dakata". Wanda na taɓa gani ya yi haka sau ɗaya, na biyu ba na dogon bincike.

Washegari na aika wa shafin 'yar fim ɗin saƙo a keɓe, cikin ladabi, na ce Hajiya don Allah wane asibiti ne, wane ɗaki, ina so in je dubiya. An buɗe saƙon, ba a amsa ba. Ban riƙe ta da komai ba, wataƙila ma ba ita ke riƙe da wayar ba, amma kuɗina ba su bi ta nan ba. Gidauniyar na neme ta a shafin CAC na same ta, na bi adireshin bayan an tashi aiki. Shago ɗaya ne da fanka da benci. Wata baiwar Allah ta jawo min littafi mai bangon kwali, sunayen yara da unguwanninsu da awon rigar kowa, na bara ma yana nan da alamar wanda ya karɓa. Na bar dubu 20. Dubu 30 ta tafi zauren 'yan aji.

Kafin azahar ta jibi an cika kuɗin asibitin, an sallami mai jego, ma'ajinmu ya ɗora hoton rasit ya ce a dakata. Sai ga rarar naira 6,300. Wani ya ce a sai wa jaririya kaya. Wani ya ce don asibiti aka tara, ba a canja niyyar mutane ba da izninsu ba. Wani ya ce a mayar wa kowa gwargwadon abin da ya bayar, aka tambaye shi wa zai yi wannan lissafin, ya yi shiru. Uban jaririyar ya shigo ya ce shi dai don Allah kar a ƙara masa nauyi. Kwana uku ana yi, saƙo ya fi ɗari biyu, har wani ya yi fushi ya fita aka dawo da shi. Kuɗin suna nan a hannun ma'aji, kuma duk ranar Juma'a sai wani ya rubuto, "Ma'aji, 6,300 ɗinmu suna lafiya?"